Kanola Ko Sha'ir: Wa Ke Ɗaukar Asarar Damina?

A yammacin ƙasar Kanada akwai larduna uku a jere, watau Alberta da Saskatchewan da Manitoba, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda mutum kan yi tafiya mai nisa da ƙyar ya ga tudu. A nan ake noma yawancin hatsin ƙasar. Kowace shekara, tun sanyi bai janye ba, manomin wurin yakan zauna da fensir da takarda ya yi ta lissafi a kan tambaya guda: wannan gona kanola zan zuba mata ko kuwa sha'ir? Tambayar kamar ƙarama ce, amma a kanta gidaje da yawa suka tashi, waɗansu kuma suka faɗi. Mun ga ya kamata mu yi magana a kanta wannan mako, gama ga abin da muka hanga a ciki: ruwa da rana ba su a hannun kowa sai Allah, amma wanda asara za ta faɗa wa idan damina ta ɓaci, wannan mutane ne suka tsara da dokokinsu, sun kuwa tsara shi a kan manomi.

ABUBUWAN NAN BIYU

Da fari sai mu bayyana amfanin gonar nan biyu, don mai karatu ya san inda muka dosa. Sha'ir dai sananne ne, ɗan'uwan alkama ne. A Kanada akan zaɓi mai kyawun ƙwaya a sayar wa masu yin giya da tsada, sauran kuwa, wanda shi ne mafi yawa, abincin shanu ne da aladu. Wannan na dabbobi shi muke nufi. Kanola kuwa tsiro ne dangin kabeji, mai fure rawaya, ƙwayarta baƙa ce, ba ta kai girman ta gero ba. Ana matse ta a sami man girki, fiye da kashi 40 cikin 100 na nauyinta, tunkuzar da ta rage kuma a ba dabbobi.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗauki noman kakarta a Kanada, don manta yana da kyau wajen shafa wa injunan jiragen ruwa. Amma man nan da tunkuzarsa suna ɗauke da waɗansu sinadarai da ba a so cikin abincin mutum ko na dabba. Masana biyu, Baldur Stefansson na Jami'ar Manitoba da Keith Downey na ma'aikatar gona ta gwamnati a Saskatoon, suka yi shekaru suna tace irin har suka rage sinadaran. A 1974 aka fito da irin farko mai tsabta, sunansa Tower, a 1978 kuma aka raɗa wa amfanin suna kanola. A riƙe wannan: da kuɗin jama'a aka yi aikin, a jami'a da gonar gwajin gwamnati.

Daga nan sai kanola ta yi ta cin ƙasa. A wajen 1990 ba ta wuce eka miliyan 6 da 'yan kai ba. A 2017 ta haura eka miliyan 22, ta wuce alkama a karo na farko cikin tarihin ƙasar. Sha'ir kuwa, wanda a shekarun 1990 ake shuka fiye da eka miliyan 10, ya komo wajen eka miliyan 7.

LISSAFIN MANOMI

Kada wani ya ce wauta ko haɗama ta sa manomi ya juya wa sha'ir baya. Lissafinsa daidai ne. A shekara mai kyau eka ɗaya takan ba da kusan tan guda na kanola, ko kuwa wajen tan ɗaya da rabi na sha'ir. Amma kuɗin tan na kanola yakan ninka na sha'ir sau biyu, sau da yawa ma fiye. A ce, don sauƙin lissafi, tan na sha'ir dala 100 ne. To, ekar sha'ir ta kawo 150 ke nan, ekar kanola kuwa wajen 200. Wanda ke da eka dubbai, wannan tazara ita ce tsakanin biyan banki da kasa biya.

Ga kuma kuɗin jirgin ƙasa. Daga tsakiyar Saskatchewan zuwa tashar jiragen ruwa ta Vancouver fiye da mil 1,000 ne, kuma bisa nauyi ake biya, jirgi ba ruwansa da tsadar abin da ya ɗauka. Tun 1897 akwai wata yarjejeniya da ake kira Crow, wadda ta sa kuɗin ɗaukar hatsi ya zauna da arha. A 1995 gwamnatin tarayya ta soke tallafin nan. Daga ran nan kaya mai nauyi mai arha, irin sha'ir, ya zama da wuya ya biya kuɗin tafiyarsa zuwa teku, kaya mai tsada irin kanola kuwa ya biya. Da alƙalamin minista aka yi wannan canji, sararin sama bai sa hannu ba.

Amma lissafi fuska biyu gare shi, da abin da ya shigo da abin da ya fita. Mai sha'ir yana iya ɗiba daga rumbunsa ya tankaɗe ya shuka baɗi, takin da yake bukata kuma bai kai na kanola ba. Mai kanola kuwa kowace shekara sai ya sayi sabon iri wurin kamfani da tsada. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara shuka irin da aka gyara don ya jure maganin ciyawa, yanzu kusan duka shi ake shukawa, kuma mallakar kamfanoni ne. Wani manomi na garin Bruno a Saskatchewan, Percy Schmeiser, ya yi shari'a da kamfanin Monsanto a kan haka har Kotun Ƙoli, a 2004 kotu ta tabbatar wa kamfanin haƙƙin mallakarsa. Amfanin da aka haifa da kuɗin jama'a ke nan, yanzu manomi ke biyan kuɗin irinsa shekara shekara. Bayan iri ga takin zamani mai yawa, ga feshin ciyawa, ga na ƙwari, ga na cuta. Duk wannan kuɗi a watan Mayu da Yuni ake zuba shi cikin ƙasa, yawancinsa na rance, tun ba a san yadda Yuli za ta zo ba. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi, kuɗin taki ya yi tashin da ba a saba gani ba, mai kanola ne ya fi jin jiki.

To me ya hana shi ya rage kanola ya huta? Abin da ya hana shi shi ne mai gonar da yake haya, da mai sayar da ƙasa, da mai injin girbi, duk bisa kuɗin kanola suke yanka nasu kuɗin. Wanda ya ɗauki gona haya bisa farashin kanola ba ya iya biya da sha'ir. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ga shaida: a 1936 akwai gonaki fiye da 142,000 a Saskatchewan, a ƙidayar 2021 kuwa 34,000 da 'yan kai suka rage. Ƙasar ba ta ragu ba, mutanen ne suka tashi, na kusa ya haɗiye gonar maƙwabcinsa da rancen banki.

HALIN SAMA

Yanzu sai mu duba sama. Lokacin nomansu gajere ne, daga Mayu zuwa Satumba, kwana ɗari da 'yan kai tsakanin sanyin ƙarshe da na farko. Ruwan da kudancin ƙasar ke samu a shekara bai kai na Kano ba. Tun tsakanin 1857 da 1860 wani Bature, Kyaftin John Palliser, ya zaga yankin ya rubuta wa gwamnatin Ingila cewa kudancinsa ya cika bushewa, bai dace da noma ba. Ba a ji maganarsa ba, aka cika wurin da manoma, a shekarun 1930 fari ya zo, iska ta kwashe ƙasar gonaki, dubban iyalai suka yi ƙaura.

Kanola shagwaɓaɓɓiya ce. Ƙwayarta ƙarama ce, ba a binne ta da zurfi, saboda haka in saman ƙasa ya bushe ba ta tsira daidai. In ta tsira cikin zafi da bushewa, wani ƙaramin ƙwaro mai tsalle kamar ƙuma yakan cinye ganyenta na fari. A watan Yuli take fure, in zafi ya kai wajen digiri 30 sai furen ya zube bai ɗaura ba. In sanyi mai daskarar da raɓa ya sauko kafin ta nuna, sai ƙwayar ta tsaya koriya, ma'auna su sauke ta daga lamba ɗaya zuwa ƙasa, kuɗi ya karye. Haka ya faru ran 20 ga Agusta, 2004, sa'ad da sanyin dare ɗaya ya ɓata amfanin gona a babban yanki na Saskatchewan.

Sha'ir ya fi ta saurin nuna, saboda haka ana iya shuka shi a makare ya tsere wa sanyi. In ya lalace bai yi ƙwaya ba, ana iya yanke shi ɗanye a yi harawa a ba shanu, a ceci wani abu. Amma shi ma yana da nasa ciwon. Ruwa in ya kwanta a gona ba ya so, in kuwa aka yi ruwa lokacin girbi sai ƙwayar ta tsira a kan zangarniya, masu giya su ƙi saye, ya komo abincin dabba da arha.

Shekarun da suka wuce sun nuna kowane iri. A 2001 da 2002 fari. A 2010 da 2011 ruwa ya yi yawa, miliyoyin eka suka kwana ba a shuka ba, don tarakta ba ta iya shiga gona. A 2019 dusar ƙanƙara ta sauko tun watan Satumba, amfanin gona mai yawa ya kwana a fili ƙarƙashinta har bazara. Sa'an nan 2021 ta zo.

SHEKARAR 2021

A ƙarshen Yuni na shekarar nan zafi ya rufe yammacin Kanada. Ran 29 ga wata garin Lytton, a lardin British Columbia, ya kai digiri 49.6, zafin da ba a taɓa aunawa ba a ƙasar, kashegari kuma gobara ta cinye garin. Zafin ya gangaro larduna ukun nan daidai lokacin da kanola ke shirin fure, ruwa kuma ya ɗauke. Da aka auna girbi, kanola ta faɗi da kusan sulusi. Sha'ir ma haka, daga fiye da tan miliyan 10 a 2020 ya komo wajen miliyan 7. Mun faɗi wannan don kada a ce mun yi wa sha'ir ado: fari mai tsanani ba ya zaɓe. Bambancin shi ne mai sha'ir kuɗi kaɗan ya binne, mai kanola kuwa kuɗi mai yawa.

Da kaya ya yi ƙaranci sai kuɗi ya tashi. Kanola ta haura dala 1,000 a kan tan guda. Mai karatu zai ce, to ai manomi ya farfaɗo, abin da ya rasa a awo ya samu a farashi. Ina! Ga inda gizo ke saƙa. Tun cikin sanyi da bazara manoma da yawa sun riga sun sa hannu a takarda da kamfanonin hatsi, cewa za su kawo tan kaza a kaka bisa farashi kaza. Ba laifi suka yi ba, abin da bankuna da malaman gona ke koya musu ke nan, wai su kare kansu daga faɗuwar kasuwa. Da kaka ta zo babu kayan cikawa, sai kamfani ya ce ko dai a kawo kaya, ko a biya bambancin da ke tsakanin farashin takarda da na kasuwar ranar. Mutumin da gonarsa ta ƙone, shi ne kuma ya zare kuɗi ya biya wanda bai shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Yawancin takardun nan ba su da sharaɗin da zai yafe wa manomi in abin da ya fi ƙarfinsa ya sauko daga sama. Ƙungiyoyin manoma na Saskatchewan sun yi kuka a kan haka ƙwarai.

Kamfanoni suna da tasu amsa, kuma ya kamata a ji ta. Sun ce su ma sun riga sun sayar da kayan ga masu saye a ƙetare, dole su cika. Gaskiya ne. Amma kamfanin da ke saye a larduna uku, da Ostareliya, da Turai, yana da inda zai cike gurbi. Manomi gonarsa guda ce, ƙarƙashin gajimare guda. In za a raba asara tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi, wace shari'a ce ta ce marar ƙarfi ya ɗauke duka?

A wancan gefen kuma masu shanu sun sha wuya. A kudancin Alberta, kewayen birnin Lethbridge, akwai manyan wuraren turke shanu, kasuwarsu ce ke yanka farashin sha'ir na yankin duka. A 2021 suka nemi sha'ir suka rasa, har aka riƙa jigilar masara daga Amurka cikin jiragen ƙasa, miliyoyin tan. Ƙananan makiyaya kuwa da suka rasa ciyawa sai suka sayar da shanun haihuwa. Ƙasar da ke ciyar da duniya ta kasa ciyar da shanunta, gama ta riga ta rage noman abincinsu. Masarar nan ta Amurka kuma ita ce rufin da ke kan mai sha'ir: da zarar kuɗinsa ya hau, sai masu turke su juya ga masara, farashi ya tsaya.

CIWON ƘASA

Akwai wani bashi kuma da ba ya cikin littafin banki. Da can malaman gona suna cewa a shuka kanola sau ɗaya cikin shekara huɗu a gona guda, a tsakani a sa alkama da sha'ir da wake. Matsin kuɗi ya sa da yawa suka koma shekara ɗaya kanola, ɗaya alkama, waɗansu ma kanola a kan kanola. A 2003 aka ga wata cuta a gonakin kanola kusa da birnin Edmonton, mai kumbura saiwa har tsiron ya kasa shan ruwa ya bushe. Ƙwayoyin cutar suna iya zama cikin ƙasa fiye da shekara goma suna jira, suna kuma bin lakar da ke manne a ƙafar tarakta daga gona zuwa gona. A 2009 aka fito da iri mai jure ta, ba a yi shekara biyar ba cutar ta sami hanyar karya shi a waɗansu gonaki. Yanzu ta bazu har Saskatchewan da Manitoba. Maganin da kowa ya yarda da shi shi ne a hutar da gona daga kanola aƙalla shekara biyu a jere. Sha'ir ba ya kamuwa da cutar nan, yana cikin abubuwan da ake hutar da ƙasa da su. Ashe ekar sha'ir tana yi wa ekar kanola ta baɗi aiki, kasuwa ce ba ta biyanta ladan aikin.

RIGIMAR MANYA

Mafi yawan kanolar Kanada, wajen kashi 90 cikin 100, waje ake kai ta, ko ƙwaya ko mai ko tunkuza, manyan masu saye kuwa Amurka ce da ƙasar Sin. A Disamba 2018 aka ga hatsarin wannan: a watan nan 'yan sandan Kanada suka tsare Meng Wanzhou, babbar ma'aikaciyar kamfanin Huawei, a Vancouver bisa roƙon Amurka. A Maris 2019 Sin ta hana manyan kamfanoni biyu, Richardson da Viterra, shigar da ƙwayar kanola, ba ta janye ba sai Mayu 2022. A Oktoba 2024 kuma Kanada ta ɗora kuɗin fito kashi 100 cikin 100 a kan motocin lantarki na Sin, don kare masana'antun mota da ke lardin Ontario a gabas. A Maris 2025 Sin ta rama da kashi 100 a kan man kanola da tunkuzarta, a Agusta ta ƙara kashi 75.8 a kan ƙwayar. Manomin Saskatchewan bai kama kowa ba, bai ƙera mota ba, amma a kansa sanda ta sauka. Irin wannan rigima takan ƙare da sulhu, amma wanda bashi ya matsa ya sayar da arha ya riga ya sayar.

Sha'ir ma ba ya tsira in an dogara ga mai saye guda. A Mayu 2020 Sin ta ɗora kashi 80.5 a kan sha'ir na Ostareliya, ta juya tana saye daga Kanada, mutanen Kanada suka ji daɗi. A Agusta 2023 ta janye, ta koma wa tsohon abokin cinikinta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amfanin sha'ir dai shi ne mafi yawansa a gida ake cinye shi, saniyar Alberta kuwa ba ta san kuɗin fito ba.

INA GARKUWAR DA?

Kakannin manoman nan sun san ba a tsayawa gaban kamfani da jirgin ƙasa ɗai-ɗai. A 1924 suka kafa babbar ƙungiyar haɗa alkama ta Saskatchewan, mai rumbunanta a kusan kowane gari. A 1935 aka kafa Hukumar Alkama ta Kanada, a 1949 aka sa sha'ir a ƙarƙashinta. A 1935 ɗin nan kuma aka kafa hukumar gyaran gonaki bayan fari, wadda ta haƙa tafkuna, ta buɗe makiyayan gayya, ta ƙarfafa dashen itatuwa masu tare iska.

Ina suke yanzu? Ƙungiyar manoma ta rikiɗe ta zama kamfanin Viterra a 2007, Glencore ya saye shi a 2012, a 2025 ya haɗe da Bunge. Hukumar Alkama kuwa, kada mai karatu ya ɗauka irin hukumomin cinikin gyaɗa ce da aka rushe a Nijeriya a 1986, gama daga 1998 zuwa 2011 manoma ne suka riƙa zaɓen 10 daga cikin shugabanninta 15. A 2011 ta tambayi manoma ra'ayinsu, kashi 62 na masu alkama da kashi 51 na masu sha'ir suka ce a bar ta da ikonta. Gwamnatin Stephen Harper ba ta ji ba, ran 1 ga Agusta, 2012 ikon ya ƙare. A shekarar nan kuma gwamnati ta ba da sanarwar janye hannunta daga makiyayan gayya da gandun itatuwa na Indian Head.

Ba mu ce Hukumar ba ta da aibi ba. Kusan rabin masu sha'ir sun gaji da ita, kanola kuwa ba ta taɓa shiga ƙarƙashinta ba, ta kuma bunƙasa. Ba mu kuma ce gwamnati ta yar da manomi ɗungum ba. Akwai inshorar amfanin gona, manomi yana biyan kashi 40 na kuɗinta, gwamnatin tarayya da ta lardi su biya saura, a 2021 kuwa a Saskatchewan kaɗai ta biya fiye da dala biliyan 2. Wannan abin yabo ne. Amma inshorar bisa darajar amfanin take biya, saboda haka ekar kanola ta fi ekar sha'ir samun rufin asiri, ita ma ke nan tana tura manomi inda kasuwa ke tura shi.

ABIN DA MUKE GANI

Ba mu ce a bar kanola ba. Ita ta biya bashin gidaje da yawa, ta gina masana'antun matsar mai a garuruwa irin su Yorkton, wanda ya ce a bar ta bai taɓa fuskantar manajan banki ba. Abin da muke cewa shi ne a gyara ma'auni, don manomin da ya yi abin da ya dace da ƙasarsa kada ya zama shi ne mai hasara.

Na ɗaya, a yi doka a kan takardun sayar da amfanin gona tun yana tsaye. Akwai Hukumar Hatsi ta Kanada tun 1912, an kafa ta ne don kare manomi wajen awo da ciniki. A ba ta iko ta tsara takarda guda bayyananniya, mai sharaɗin cewa in fari ko ƙanƙara ta cinye gona, aka kuma tabbatar, a raba asarar tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Na biyu, a sa inshora ta saka wa mai juya shuka. Wanda ya hutar da gonarsa shekara biyu ko uku da sha'ir da alkama da wake, a rage masa kuɗin da yake biya. Alƙaluman masu inshora na Manitoba da kansu sun nuna kanolar da ta bi hatsi ta fi wadda ta bi kanola yabanya. Tun da hatsarinsa ya ragu, me zai sa ya biya daidai da wanda bai huta ba?

Na uku, gwamnatin da ta ja faɗa da wata ƙasa don kare masana'antar wani lardi, ita za ta biya wanda sandar ramuwa ta sauka a kansa, kuma da wuri, da kuɗi a hannu. Ƙarin rance ga mai bashi ba taimako ba ne.

Na huɗu, a mai da kuɗi ga gonakin gwaji na gwamnati da jami'o'i, su fito da sha'ir mai jure fari mai yawan ƙwaya, wanda manomi zai iya ajiye irinsa. Kamfani ba zai kashe kuɗi mai yawa a kan irin da ba a saye kowace shekara ba, wannan aikin jama'a ne, kamar yadda kanola kanta ta fito daga aikin jama'a.

Na biyar, wannan kuwa ga manoma da kansu: abin da kakanninsu suka samu a 1924 ba kyauta aka ba su ba, taruwa suka yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'a, fari zai komo, ba wanda ya san shekarar, kuma masana yanayi sun yi gargaɗi cewa zafi irin na 2021 zai riƙa zuwa fiye da da. Ba a fafe gora ranar tafiya. Minista ba ya iya saukar da ruwa, ba mu kuwa nemi haka gare shi ba. Amma takardar ciniki da kuɗin inshora da kuɗin fito, waɗannan duk a kan teburinsa suke, a kansu kuma za a tambaye shi. Allah ya ba manoma damina mai albarka, a can da ko'ina, amin.